Ja ne ko Kore?

Kawuna ne ya koya mini aikin da nake ci da shi yau, kuma ni ce sanadin barinsa wannan aiki. Na daɗe ina juya maganar a raina ko zan samu hanyar faɗarta da sauƙi, ban samu ba. Don haka gara in fara da ita.

Ƙanen mahaifiyata ne. Ya bar Zariya ya zo Landan tun ina goye, kuma da na zo karatu a gidansa na sauka, wani ɗan flat a hawa na huɗu a Woolwich, inda ta tagar kicin ake hango rumfunan kasuwa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. "Uwata" yake ce mini, ko da faɗa zai yi mini. Matarsa kuwa, wadda nake kira Anti, tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi, kuma ita ce mai bakin gidan. Kawu mutum ne mai zurfin ciki. In ka tambaye shi jiki, ko a kan gadon asibiti yake, amsarsa ɗaya ce: lafiya lau, alhamdulillahi.

Kamfanin da yake wa aiki suna yin wata manhaja da ƙananan asibitoci suke haɗawa da kwamfutocinsu don aika wa marasa lafiya saƙon tuni ta waya, ranar ganin likita da makamantansu. Masu haɗawar injiniyoyi ne da ba mu taɓa gani ba, kuma abin da suke dogara da shi shi ne jagorar da muke rubutawa a shafin intanet. Rabin jagorar bayani ne, rabi kuma misalan kod, wato layukan umarnin da ake rubuta wa kwamfuta. Kowane misali a cikin akwatinsa yake zama, kuma kalmomin ciki launi-launi ne: umarni da launinsa, sunaye da nasu, lambobi da nasu, sai kuma sharhi, wato 'yar maganar da marubuci yake barin wa mai karatu a gefen layi. Abin da Kawu ya fara koya mini shi ne, mutane ba sa karanta misali. Kwafa suke yi su liƙa su wuce. In ka yi kuskure a bayani za a yi maka dariya, in ka yi a cikin akwati kuwa, kuskurenka zai shiga kwamfutar mutum ɗari kafin azahar.

Shi ne mai duba na ƙarshe. Babu shafin da ke fita sai ya sa hannu. Lokacin da aka buɗe gurbi na nemi aikin, ya gaya musu tun farko cewa ni 'yar yayarsa ce, ya cire kansa daga masu yi mini tambayoyi. Duk da haka na shiga ofishin nan da ƙulli a raina. Gani nake kowa yana kallona yana cewa hanya aka yi mini. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi da son a ce na iya, kuma wannan ƙullin ya ƙara mini duka biyun.

Tare muke hawa jirgin ƙasa da safe. A ofis Turanci muke yi, amma da mun zauna a jirgi sai Hausa, kuma a nan nake jin labarin kakana, wanda ban riska ba. Marubuci ne, da hannu yake rubuta Alƙur'ani. Kawu yana yaro shi ke haɗa masa tawada: baƙa don baƙaƙe, ja don wasali, rawaya don hamza. Yakan ce, "Ba kwatantawa nake yi ba, Allah ya tsare. Amma a wurinsa na koyi aikin nan. Baba bai taɓa sa ja don ado ba. Kuma ki lura, Uwata, ko da jan ya koɗe da tsufa, wasalin yana nan da siffarsa da mazauninsa. Mai karatu ba zai ɓata ba." Na ji wannan labari ya fi sau ashirin. Har nakan riga shi faɗin ƙarshen, ya yi dariya ya ce na girme shi ai, dole in sani.

A shekarata ta uku a ofishin aka ba ni aikin sabunta fuskar jagorar gaba ɗaya. Tsohuwar fuskar Kawu ne ya tsara ta tun da can, kuma gaskiya ta tsufa. Rubutu manya-manya, launuka masu ƙarfi kamar atamfar sallah. Na zauna wata biyu ina gyara, na fitar da abin da har yau in na tuna kyansa sai in ji haushin kaina. Na sa launuka masu taushi. Sharhi na mayar da shi toka-toka mai haske, don kada ya ja ido. Sannan na zo kan akwatunan da ke nuna canji, inda ake gaya wa mutum ya goge wannan layi ya sa wancan. A tsohon tsari, layin da za a goge yana da alamar ɗebewa a gabansa, wanda za a ƙara yana da alamar tarawa. Na cire alamomin duka. Na bar launi kawai: ja mai haske a bayan layin gogewa, kore mai haske a bayan layin ƙarawa. Dalilina ma mai kyau ne a lokacin, domin mutane suna kwafe alamomin tare da kod ɗin su zo suna yi mana ƙorafi.

Sau uku Kawu ya yi mini magana. Na farko a jirgi, ya ce, "Uwata, alamomin nan da kin bar su." Na ce zan duba, ban duba ba. Na biyu a gida, muna cin tuwo, ya ce sharhin ya yi haske da yawa. Na ce haka ake yayi yanzu. Anti ta ɗago kai ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da cin abincinta. Na ga wannan kallo, na ɗauka tsakaninsu ne.

Na uku a ofis ne, ranar da na nuna aikin a gaban kowa. Mu goma sha wani abu ne a ɗakin taro, an haska shafin a bango, manaja tana ta yabo. Sai Kawu ya ɗaga hannu daga can ƙarshen tebur, ya ce cikin Turancinsa mai natsuwa yana ganin bai kamata launi kaɗai ya ɗauki ma'ana ba, a mayar da alamomin. Raina ya ɓaci nan take. Abin da na ji shi ne, ga shi nan, ko a gaban mutane sai ya nuna shi ya raine ni. Na yi murmushi, na ce cikin Turanci, ai ba za mu tsara shafi don mutanen da har yanzu suke buga takarda su karanta da biro a hannu ba. Kowa ya san shi kaɗai ke yin haka a ofishin. Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma an yi. Kawu ya gyaɗa kai ya ce to, shi ke nan. Sannan ya gode mini, ya kira ni da sunana na yanka. Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar.

Da yamma bai jira ni a tasha ba. Ni kuma na ƙi neman sa, na ce ai ni ke da gaskiya. Ba a daɗe ba na kama ɗaki a Lewisham na tashi daga gidan, abin da dama na yi niyya, amma na gaggauta shi. Muka koma gaisuwar ofis. Na lura ya fara yawan aiki daga gida, musamman ranakun da yake da shafuka da yawa na dubawa. Na ce a raina fushi yake yi, zai huce.

Wajen wata biyar bayan haka abin ya faru. Muka fitar da shafin da ke nuna wa injiniyoyi yadda za su koma sabon tsarin aika saƙo. A ɗaya daga cikin akwatunan, launukan sun juya: layin da ya kamata a ƙara ya fito ja, wanda ya kamata a goge ya fito kore. Ni na yi wannan kuskure da hannuna, ina gaggawar tashi ranar Juma'a. Kawu ya duba shafin ranar Litinin daga gida, ya sa hannu. Waɗanda suka bi jagorar suka goge abin da ya kamata su ajiye. Kwana biyu saƙon tuni bai fita ba daga wasu asibitoci, mutane suka rasa ranar ganin likitansu, wayoyin ofishinmu suka yi ta kuka.

Na je na gaya wa manaja ni na juya launukan. Ta ce kowa yana kuskure, shi ya sa ake da mai dubawa. Sai ta faɗa mini abin da ban sani ba, cewa wannan ne karo na uku da abu ya wuce ta gabansa tun da aka sabunta shafin, biyun farko dai ƙanana ne, an bar sharhi a cikin akwati cewa kada a fitar da wani misali, shi kuma Kawu ya fitar. Ta ce ta tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa, ya ce babu, sakaci ne kawai, kuma ya ba da haƙuri. Mutumin da ya shekara ashirin ba a taɓa kama shi da waƙafi a inda ba mazauninsa ba. Kafin mako ya ƙare ya miƙa takardar ajiye aiki.

Ranar Asabar na hau jirgi na tafi Woolwich, kuma ba don in ba da haƙuri na tafi ba. Faɗa na tafi yi. Ina so in tambaye shi ko don ya hukunta ni ne zai jefar da aikinsa. Na tarar ya fita masallaci, Anti ce kaɗai a kicin tana yanka alayyafo. Na gaishe ta, ta amsa ba tare da ta dube ni ba. Na fara zuba, ina cewa Kawu ya cika riƙo, magana ɗaya a meeting ita ce har yanzu.

Ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Zo ki gani."

Ta kai ni ɗakin da nake kwana a da, wanda ya mayar wurin aiki. Ta taɓa kwamfutar ta farka. Shafina ne a buɗe, an ƙara girmansa har kalma uku ce ta cika allon. A gefen tebur ga wani gilashin ƙara girma mai hannu, ga kwalaben maganin ɗigawa a ido, ga takardun asibitin ido an danne su da kofi.

Ta ce, "Ciwon sugan nan ne ya taɓa masa ido. Shekara biyu ke nan. Rubutu baƙi a kan fari yana gani in ya yi zoom ya ƙara girmansa. Launi ne ya tafi. Jan nan naki da koren nan, duk abu ɗaya ne a wurinsa. Tokar nan kuwa ba ya ma sanin akwai rubutu a wurin."

Na tsaya riƙe da bayan kujera. Na ce, "To yaya yake yin review, yake duba shafukan duk watannin nan?"

Ta ce, "Ni yake kira. Ina kicin sai in ji, zo mana. In zo, ya ɗora yatsa a kan layi ya ce, wannan ja ne ko kore? In gaya masa. Ya matsa ƙasa, wannan fa? Ni ban san kod ba, ban san komai ba, amma na san ja na san kore. Har shift nake canzawa a wurin aikina saboda ranakun da yake da aiki da yawa. Ran Litinin ɗin nan wata abokiyar aikina ta yi calling in sick, wai ba ta da lafiya, aka ce lallai in zo. Na ce masa ya jira ni in dawo. Ya ce an ce shafin na gaggawa ne, kuma aikinki ne, ke ba kya kuskure."

Na zauna a ƙasa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba, sannan baƙin ciki ya biyo baya. Na tuna takardun da yake bugawa yana bi da biro, waɗanda na yi wa dariya a gaban mutane. Ashe da manyan baƙaƙe yake buga su. Na tuna kallon da Anti ta yi mana a kan tuwo. Na ce mata, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" Ta ce ya sa ta yi alkawari. Ta ce, "Ke kuma me ya sa ba ki tambaya ba? Mutum ya roƙe ki abu ɗaya sau uku."

Da ya dawo, na ji yadda yake laluben makulli a ƙofa, abin da na sha ji a da ban kula ba. Ya shigo ya same ni a ɗakin, ya dubi inda nake, ya dubi inda Anti take, ya gane. Bai yi mata faɗa ba. Ya zauna a kujerarsa ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yafe mini." Sai kuka ya ƙwace mini. Da na samu numfashi na ce ran Litinin zan je in gaya wa manaja komai. Na ce a ƙasar nan doka tana bayansa, dole su ba shi kayan aikin da zai iya amfani da su, akwai manhajar da ke karanta wa mutum allo, ba wanda ya isa ya kore shi saboda ido. Na ce zan mayar da alamomin, su janye takardar.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Na san dokar, na riga ki saninta. Amma ba za ki gaya musu ba."

Na ce, "Kawu, suna ganin sakaci ka yi."

Ya ce, "Su gani. Mai sakaci ana jin haushinsa kwana biyu a manta. Amma in suka ji ido ne, kowa zai fara yi mini magana a hankali, a riƙa buɗe mini ƙofa, a sa wani ya duba bayan na duba. Mai duba na ƙarshe da ake dubawa a bayansa, wane aiki ke nan? Na shiga ofishin nan da mutuncina, a bar ni in fita da abin da ya rage." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Da na buɗe baki na ce miki ba na gani, da kin gyara a ranar. Na sani. Na kasa ne."

Wannan ta fi komai yi mini ciwo, domin gaskiya ce. Da ya ce ba ya gani, da na gyara. Amma da ya ce ba daidai ba ne, na ƙi. Dalilin da ya bayar a ɗakin taro cikakke ne ko da idonsa garau yake, kuma akwai dubban masu karanta mu da ban san yadda idonsu yake ba. Ban ji shi ba ne kawai saboda daga bakinsa ya fito.

Na yi masa biyayya, ban gaya wa kowa ba. Aka yi masa ɗan taron ban kwana da kek da katin da kowa ya sa hannu, ya karɓa ya buɗe ya yi kamar yana karantawa. Bayan wata guda aka ba ni kujerarsa. Na karɓa, domin ƙin karɓa zai jawo tambaya.

Gyaran kuwa bai ci mini ko rabin wuni ba. Na mayar da alamar tarawa da ta ɗebewa, na tsara su yadda in mutum ya kwafa ba za su biyo shi ba, abin da tun farko zan iya yi da na tsaya na yi tunani. Na ƙara wa sharhi duhu. Ban ma tabbata mutanen ofis sun lura ba.

Na ɗauki kwamfutata na kai masa wata Lahadi da la'asar. Kafin lokacin idon ya ƙara ja baya, an yi masa aiki a na hagu bai yi ba. Na buɗe shafin nan da ya jawo komai, na ƙara girmansa iyakar yadda zai yiwu, na ɗora masa a cinya. Ya kawo fuskarsa kusa da allon, ya karkata kai, ya daɗe a haka. Ni da Anti muna tsaye muna jira. Sai ya ɗago ya miƙo mini.

Ya ce, "Karanta mini."

Na zauna kusa da shi na fara. Ɗebewa, layi kaza. Tarawa, layi kaza. Ina karanta kowace alamar baka da kowane ɗigo. Ya rufe ido yana gyaɗa kai. Da na kai akwati na huɗu ya ɗaga yatsa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Kin buɗe baka biyu, kin rufe ɗaya." Na duba, haka ne. Mutum uku sun duba shafin nan, har da ni.

Na ce, "Kawu, ka ga? Da kunne ma ka fi mu. Ka bari in yi musu magana."

Ya yi murmushi ya girgiza kai. Ya laluba ya rufe murfin kwamfutar da kansa, a hankali, ya bar tafin hannunsa a kai na ɗan lokaci.

Ya ce, "Ki gyara kafin ki fitar, Uwata. Yanzu babu kowa a bayanki."